Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kwamitin Amintattu na Gidauniyar Wikimedia: in kun tambaye mu, ku dawo mana da amsa

Zuwa ga shugaba da mambobin Kwamitin Amintattu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, ni ɗaya ne daga cikin masu rubutu da gyara a Wikipedia ta Hausa. Ba ni da wani muƙami a cikin tafiyar Wikimedia, wato haɗakar masu sa kai da ƙungiyoyi da Gidauniyar da ke ɗaukar nauyin Wikipedia. A waya nake aikina, galibi bayan sallar isha'i, idan gida ya yi shiru kuma akwai sauran caji. Da gangan na rubuto muku da Hausa, domin abin da zan faɗa ya shafi harshe, kuma ina so 'yan uwana masu gyara su karanta shi kai tsaye, wanda ya ga na yi kuskure ya gyara mini a bainar jama'a, kamar yadda muka saba yi wa juna a shafukanmu.

Maganata a kan yadda kuke jin ra'ayin jama'a ce duk lokacin da za a kafa doka ko a sauya ta. Kuna tambaya, wannan ba mai musu. Sanarwa takan fito a saman shafi, a ce ana neman ra'ayinku, a ba da ranar rufewa. Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo bayan tambayar. Mutum ya zauna ya karanta daftari mai tsawo da baƙon harshe, ya ƙona datarsa, ya rubuta abin da ke ransa, daga nan sai shiru. Bai san an karanta ba, bai san an ɗauka ba, bai san an ajiye gefe ba, balle ya san dalili. Wanda aka yi wa haka sau biyu ba ya sake zuwa na uku.

Yabon gwani ya zama dole, don haka zan fara da inda kuka yi daidai. Bayan kun amince da Dokar Ɗa'a ta Bai Ɗaya, wadda ta tsara yadda za a yi mu'amala da juna a dukkan shafukan Wikimedia, a ƙarshen 2020, an tsara ƙa'idojin aiwatar da ita, aka kai su gaban jama'a a watan Maris na 2022. Sama da mutum 2,000 suka kaɗa ƙuri'a, masu cewa e suka yi rinjaye, amma ba su kai kashi 60 cikin 100 ba. Da kun so, da kun ce rinjaye rinjaye ne, an wuce wurin. Ba ku yi haka ba. Kun sa an karanta sharhin da mutane suka rubuta tare da ƙuri'unsu, aka ga inda ƙorafi ya taru: batun tilasta halartar kwas na horaswa, batun sa masu riƙe da muƙami su furta cewa sun yi mubaya'a ga dokar, batun yadda za a kare sirrin mai ƙara ba tare da an hana wanda ake ƙara damar kare kansa ba, da kuma taurin harshen da aka yi rubutun da shi, wanda ya sa fassara ta yi wuya. Kuka mayar da daftarin aka sake zama a kansa. Da aka dawo da shi a watan Janairun 2023, sama da mutum 3,000 suka yi zaɓe, kashi 76 cikin 100 suka amince. Masu zaɓe sun ƙaru, masu yarda ma sun ƙaru. Ban ga abin da ya kawo haka ba in ba mutane sun ga sawun maganarsu a cikin sabon rubutun ba. Ni kaina a zagaye na biyu na fi sakin jiki, don na ga abin da aka yi kuka a kansa an taɓa shi.

To sai ga shekarar 2024. Kwamitin da aka kafa tun ƙarshen 2021 ya gama rubuta Kundin Tsarin Tafiyar Wikimedia, wanda zai fayyace iko da aikin kowane ɓangare na tafiyar, bayan kusan shekara uku ana tarurruka, ana fassara, ana gyara. Aka yi zaɓe daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli. Sama da kashi 70 na ɗaiɗaikun masu zaɓe suka amince, ƙungiyoyin da ke da alaƙa da Gidauniya kuma sama da kashi 80. Ku kuma kuka zauna kuka ƙi amincewa, mutum 11 suka ƙi, mutum 1 ya yarda. Na karanta dalilanku, musamman damuwarku kan girman Majalisar Duniya ta wakilan tafiyar da kundin ya tanada, da kuɗin da za ta ci, da rashin fayyace aikinta. Wasu daga cikin dalilan suna da nauyi, ba zan ɓoye ba. Kuma tun farko an faɗa cewa sai ɓangarori uku sun yarda kundin zai tabbata, don haka ba ku karya wata ƙa'ida ba. Amma ku dubi abin ta idon wanda ya ba da dararensa yana fassara babi-babi, ya tara mutane ya yi musu bayani, ya roƙe su su yi zaɓe. Wakilanku a kwamitin rubuta kundin sun fito da shawarar kada a amince gab da buɗe akwatin zaɓe. In damuwar ta kai ta rushe ginin gaba ɗaya, tun ran gini ake zane. Ya kamata a ce tun daftarin farko kun faɗa da babbar murya cewa ga iyakar da ba za ku tsallaka ba, domin jama'a su san a cikin wane fili suke shawara. Abin da ya fi min ciwo bayan wannan shi ne yadda na rasa bakin sake kiran mutane. Wata malama da muke gyara tare ta ce da ni, cikin natsuwa, "To yanzu in an sake kira, me za mu ce wa waɗanda muka tara?" Har yau ban ba ta amsa ba.

Akwai wani abu da tarihin tafiyar nan ya koya wa kowa, kuma bai kamata ya zama darasin da ake koya ba. A 2014, da jama'ar Wikipedia ta Jamusanci suka ƙi sabuwar manhajar kallon hotuna, Gidauniya ta ƙirƙiro wani makulli na musamman da ya hana hatta masu gudanarwarsu, wato masu gyaran da jama'a suka ba ikon kulle shafi da toshe mai ɓarna, taɓa shafin da ake rigima a kansa. Aka yi ta kai ruwa rana, ɗaruruwan mutane suka sa hannu a takardar ƙorafi, a 2015 aka cire makullin gaba ɗaya. A 2019 aka dakatar da wani mai gudanarwa a Wikipedia ta Turanci na shekara guda ba tare da an bayyana wa jama'a dalili ba. Masu gudanarwa da dama suka ajiye muƙamansu, ƙarshe aka miƙa maganar ga kwamitin sasanci na jama'ar, ya ɗage dakatarwar. A watan Yunin 2025 aka sanar da gwajin sa taƙaitaccen bayanin da na'ura ta rubuta a saman maƙaloli, masu gyara na Turanci suka yi caa, cikin 'yan kwanaki aka dakatar. A duk waɗannan an ji kukan jama'a, kuma na ji daɗin haka. Sai dai ku lura da su wane ne suka yi kukan. Manyan al'ummomi ne masu dubban mutane, masu harshen da ma'aikatanku ke ji, waɗanda in sun fusata jaridun duniya ke ɗauka. Mu ba mu da wannan ƙarfin. In hanyar da ake jin mutum ita ce ya ɗaga murya har gari ya tashi, to an riga an rufe mana ƙofa, domin yawanmu bai kai ba, kuma tarbiyyarmu ma ba ta ɗora mu a kan haka ba.

A nan zan ɗan tsaya, don shi ne abin da na fi so ku fahimta. Bahaushe ya ce shiru ma magana ce. A wurinmu yaro ba ya duban babba a cikin taro ya ce ban yarda ba. Zai ce "to". Wannan "to" ɗin tana iya nufin na amince, tana iya nufin na ji, tana iya nufin ba haka na so ba amma ba zan ja da kai a gaban mutane ba. Wanda ya tashi a cikin harshen yana gane wacce ce daga yadda aka ja ta. A rubuce kuwa duk ɗaya suke, a allon ƙidaya ma duk ɗaya suke. Mata sun fi shiga wannan hali. Na sha zama a taron masu gyara inda mata suka kusa rabin ɗakin, aka ce akwai mai magana, ba wadda ta ɗaga hannu. Da dare sai saƙonnin murya su fara shigowa zaurenmu na WhatsApp, minti uku, minti biyar, kowanne cike da hujja. A nan ne na ji wata ta yi bayanin da ban taɓa gani a wani shafin tattaunawa ba: cewa ba za ta kai ƙarar mai tsangwamarta ba muddin sunanta na gyara zai bayyana, domin a garinsu kowa ya san wace ce ke amfani da wannan sunan, kuma maganar za ta riga ta isa gida. Wannan ra'ayi ne a kan doka, kuma ya faɗa daidai tsakiyar abin da aka yi ta muhawara a kai a 2022. Amma da yake da baki aka faɗe shi, da Hausa, a wurin da ba Meta-Wiki ba, wato shafin da ake gudanar da shawarwarin tafiyar, a lissafin hukuma babu shi. Idan rahoto ya ce ba a samu ƙorafi daga al'ummar kaza ba, ina roƙonku ku daina karanta shi a matsayin yarda. Ku tambaya ta wace ƙofa aka nemi ƙorafin.

Sai batun fassara, wanda daga nesa ake ɗauka aikin yini ɗaya ne. Mun taɓa zama mu huɗu a kan tabarma, kowa da wayarsa, muna fassara wani sashe na daftarin doka. Kalma ɗaya ta cinye mana kusan awa guda, wato kalmar da ake nufi da haɗuwar ra'ayin masu gyara bayan tattaunawa. Ɗaya ya ce a sa "ijma'i". Wani da ya yi karatun zaure ya ce a'a, ijma'i a kunnen Bahaushe na malamai ne, kuma in ya ƙullu ba a warware shi, alhali a Wikipedia abin da aka haɗu a kai bana ana iya sauya shi baɗi. Aka kawo "maslaha", aka ga ita kuma tana ɗauke da ma'anar kowa ya sassauta don a zauna lafiya, ko da hujjar wani ta fi. "Rinjaye" kuwa ƙidayar kawuna ce, abin da dokar ke cewa ba shi ake nufi ba. A ƙarshe muka tsaya a kan "matsayar jama'a", ba don ta gamsar da mu duka ba. Haka muka sha da tsangwama da muzgunawa da cin zarafi da cin mutunci, kowacce da nauyinta, kuma wadda aka zaɓa ita za ta yanke ko a hukunta mutum ko a ƙyale shi. Duk wannan aikin sa kai ne, ana yin sa bayan an tashi daga aiki ko makaranta. Idan wa'adin shawara mako biyu ne ko uku, kuma agogo ya fara bugawa ranar da rubutun Turanci ya fito, to kafin fassararmu ta nuna rabin lokacin ya tafi, masu Turanci sun riga sun yi nisa, mu kuma mu iso ana naɗe tabarma. Abin da nake nema a nan mai sauƙi ne: kada wa'adi ya fara ƙirguwa sai fassarorin da aka yi alkawari sun sauka. Kada kuma a manta da 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda bokonsu da Faransanci ne. Ga wanda ya yi karatu a Nijar, daftarin Turanci da babu duk ɗaya, Hausar ita ce gadar da ta haɗa mu, ko da su suna rubuta ƴ mu muna rubuta 'y.

Lokaci ma yana da nasa. A watan Oktoban 2021 aka zaɓi waɗanda za su rubuta kundin da na ambata. A daidai wannan lokacin hukumomin Najeriya sun katse layukan waya a mafi yawan jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro. Duk mai gyara da ke zaune a waɗannan wurare ba shi da ta cewa a zaɓen, ba don bai damu ba. Ba laifinku ba ne, na sani. Na kawo shi ne don ku ga cewa rashin bayyanar mutum a rumfar zaɓe yana da dalilai da ba a hangowa daga hedkwatarku ta San Francisco. Ga tsadar data, wadda ta ƙaru bayan an amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 a farkon 2025, kuma shirin Wikipedia Zero da ke ba da damar shiga kyauta an rufe shi tun 2018. Ga watan azumi, ga damina lokacin da wasunmu ke gona, ga lokacin jarrabawa, tunda ɗalibai ne ƙashin bayan masu gyaranmu. Ga kuma sharaɗin cewa sai mai gyara ya yi gyara 300 kafin ya yi zaɓe, wanda na fahimci hikimarsa ta hana maguɗi, amma yana iya barin mai shirya horo da mai ɗaukar hoto da malamin da ke kawo ɗalibansa a waje in ba su cika adadin ba.

Akwai dokar da ke nuna illar rashin jin ƙananan muryoyi fiye da kowacce, duk da cewa da kyakkyawar niyya aka yi ta. Don hana masu ɓarna, ba a buɗe asusu fiye da shida daga adireshin intanet ɗaya a cikin yini guda, kuma ana toshe wasu rukunan adireshi gaba ɗaya. A ƙasashen da kowane gida ke da layinsa, wannan ba ya taɓa kowa. A wurinmu kuwa kamfanin waya yakan ɗora dubban mutane a kan adireshi ɗaya. Duk wanda ya taɓa shirya horo ya san yadda abin yake: ɗaki cike da sababbin mutane, kowa ya ɗaga waya yana murna, mutum shida sun yi rajista, na bakwai ya ga jan rubutu da Turanci yana ce masa an toshe shi. Bai taɓa rubuta ko harafi ɗaya ba, abin da ya fara gani shi ne an ɗauke shi mai laifi. Akwai hanyoyin neman izini na musamman, amma sai wanda ya san su, kuma da wane harshe zai nema? Masu shirya taruka daga Afirka sun ɗaga wannan magana da ƙarfi a 2022, aka buɗe mata shafi, aka tattauna, an kuma ɗan samu sauƙi. Amma shekara nawa mutane suka yi suna juyawa daga bakin ƙofa kafin kukan ya kai inda ake ji? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da an tambayi mai shirya horo ɗaya daga Kano ko Tamale ta Ghana ranar da ake tsara dokar, da ya faɗa a cikin minti biyu.

Kuma kun nuna za ku iya. Shawarar da aka yi a 2019 kan shafukan tattaunawa ta haifar da maɓallin ba da amsa, wanda ya raba mu da ƙirga alamomi da laluben inda za a sa hannu. Ga mai gyara a waya wannan ba ƙaramin abu ba ne. An tambaya, an ji, an gina, mun gani da idonmu.

Babbar buƙatata ita ce a mayar da dawowa da amsa ta zama wajibi, ba alfarma ba. Duk shawarar da aka rufe, a fito da takarda gajeriya, da harsunan da aka yi tambayar da su, mai cewa: ga abin da kuka faɗa, ga wanda muka ɗauka da inda muka sa shi, ga wanda ba mu ɗauka ba da dalili. Kalmar "a'a" mai dalili ba ta kashe gwiwa. Mun saba da ita, kullum ana soke mana gyara a bar mana bayani a taƙaice, mu karanta mu gyara mu ci gaba. Rashin amsa ne ke korar mutane. Haka kuma a faɗa mana tun ranar farko ko shawara ake nema ko hukunci, wato ko ƙuri'armu ce za ta yanke ko kuwa za a saurara ne kawai wani ya yanke. Kowanne muna iya karɓa in an faɗa mana gaskiya da wuri. Sannan a ba al'umma dama ta naɗa mutum biyu, namiji da mace, da za su tattara abin da aka faɗa da baki a zaurukanmu da tarukanmu, su rubuta shi ba tare da sunaye ba, su karanta wa jama'a su tabbatar haka suka ce, a shigar da shi cikin lissafi da nauyi daidai da na wanda ya rubuta dogon sharhi da Turanci.

Ba zan rufe ba sai na juyo gida, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma yawancin dokokin da ke taɓa mu kullum mu ne ke da ikon kafa su, ba ku ba. Mu ma muna da wannan cutar. Sau da yawa mutum uku ko huɗu da suka daɗe ne ke yanke magana, sabo ya zo ya tarar an gama. Muna da babbar matsala ta fassarar na'ura da ake zubawa ba a gyara ba, musamman lokacin gasa, har mai karatu ya buɗe maƙala ya ga kalmomin Hausa ne amma ba Hausa ba ce. Abin da ya faru da Wikipedia ta harshen Scots na ƙasar Scotland a 2020, inda aka gano wani matashi ɗan Amurka da bai iya harshen ba ya rubuta dubban maƙaloli, ya isa ya hana mu barci. Jama'ar Turanci sun taƙaita amfani da fassarar na'ura a shafinsu tun 2016. Mu ma dole mu zauna mu kafa tamu ƙa'idar, kuma in za mu kafa ta, sai mun ji ta bakin ɗalibin da ke fassarar don shi ne bai da littattafai a kusa, da malamin Hausa da ke jin kunyar tura ɗalibansa shafin, da mai karatun da ba ya gyara ko kaɗan. Abin da nake nema a wurinku, wajibi ne mu fara yi wa junanmu shi a shafin al'ummarmu.

Dokar Ɗa'a da ƙa'idojinta suna da bitar shekara-shekara, kuma za a sake buɗe ta. Ni dai na ɗauki alkawari zan zauna da waɗanda zan iya tarawa, maza da mata, mu karanta daftarin da Hausa, in rubuta abin da suka ce yadda suka faɗe shi, in kai shi inda kuka ce a kai kafin wa'adi ya cika. Zan gaya musu cewa na rubuto muku, kuma na nemi a dawo mana da amsa da harshenmu. Malamar nan da ta yi min tambaya tana cikin waɗanda zan fara kira.

Wassalam.

Naku,
ɗaya daga cikin masu gyara Wikipedia ta Hausa